Waɗanne 'ya'yana ne za su iya biyo ni Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, ina da girin kad, kuma ina sa ran yin rantsuwar zama ɗan ƙasa baɗi in Allah ya yarda. Ina so in ɗauko iyalina daga Kaduna. Akwai matata da ƙananan 'ya'yanmu biyu. Akwai babban ɗana mai shekara 20 da ƙanwarsa mai 18, waɗanda na rabu da mahaifiyarsu tun da daɗewa, kuma ita budurwar dangi suna so a ɗaura mata aure kafin tafiya. Akwai agolata mai shekara 15, sai ɗan ƙanena marigayi mai shekara 13 da yake hannuna tun da aka yaye shi. An ce mini in na cike wa matata takarda, duk yaran za su biyo ta. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya saka maka da alheri kan riƙon maraya. Wanda ya gaya maka haka rabin magana ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ne yake raba iyali. Yara shida ka lissafa. A gida dukkansu 'ya'yanka ne, babu mai musu. Amma hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, kowane yaro tana dubansa shi kaɗai: me ya haɗa ku, shekararsa nawa a wata rana takamaimai, yana da aure ko ba shi da shi, kuma kai mai nema wane matsayi kake da shi a ranar.

Dokar shige da fice ta Amurka, a sashe na 101(b)(1), ta ce wanda za a lissafa a matsayin yaro shi ne wanda bai cika shekara 21 ba kuma ba shi da aure. Sharuɗɗan biyu tare suke tafiya, in ɗaya ya faɗi shi ke nan. Bayan haka sai a duba alaƙar: ɗan cikinka, ko ɗan matarka ko na mijinki idan an ɗaura auren kafin yaron ya cika 18, ko wanda kotu ta mayar da shi ɗanka kafin ya cika 16. Waɗannan lambobi uku, 16 da 18 da 21, a kansu duk maganarka take.

Yanzu da kake da girin kad, idan ka cike wa matarka fom ɗin I-130, wato takardar neman ɗauko dangi, za ta shiga rukunin da ake kira F2A, wato na mata da ƙananan 'ya'yan masu girin kad. A wannan rukuni doka ta yarda uwa ta goyo 'ya'yanta a kan takardarta. Ƙananan biyu za su hau, agolarka za ta hau domin 'yar cikinta ce, har manyan biyun ma za su iya hawa a matsayin 'ya'yan mijinta, muddin an ɗaura aurenku kafin su cika 18. To a nan gaskiyar mutumin nan take.

Abin da bai gaya maka ba shi ne ranar da ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa, matarka ta tashi daga F2A ta koma rukunin makusantan ɗan ƙasa, wato mata ko miji, 'ya'ya 'yan ƙasa da 21 marasa aure, da iyaye. Rukunin nan ya fi kowanne daraja domin ba shi da layi, ba a ƙayyade yawan bizarsa a shekara ba. Amma ba a goyo a cikinsa. Kowane mutum sai da fom ɗinsa da sunansa. Sai ka ga mutum yana murna ya zama ɗan ƙasa, ya sanar da cibiyar biza ta NVC, fayil ɗin matarsa ya yi gaba da gudu, yaran kuma sun zube daga kai, sai ya koma ya fara musu daga farko. Uwa ta samu biza mai wa'adin wata shida, 'ya'ya kuma ko amincewa ba a yi da takardunsu ba, ta rasa ko ta tafi ta bar su ko ta zauna bizar ta mutu. Wannan abu yana ci mini rai domin da an faɗa wa mutum tun farko da bai faru ba.

Shawarata ita ce ka cike wa kowane yaro I-130 nasa tun yanzu. Na san da tsada. Tun daga 1 ga Afrilu 2024 kuɗin fom ɗaya dala 675 ne a takarda, dala 625 ta intanet, kuma ka duba shafin USCIS ranar da za ka biya. Mutum shida kuɗi ne mai yawa ga mai aikin tasi ko shago. Idan ba za ka iya duka a lokaci guda ba, kada ka fara da matarka, ka fara da babban ɗanka, a wannan watan. Matarka ba ta da ranar da za ta fita daga rukuninta, shi kuwa yana da ita.

Maganarsa tana buƙatar natsuwa. Akwai doka mai suna CSPA da aka sa wa hannu ranar 6 ga Agusta 2002, an yi ta ne saboda yaran da suke cika 21 suna jiran takarda. Mutane da yawa suna ɗaukan cewa da zarar an shigar da fom shekarun yaro sun tsaya. Hakan gaskiya ne ga ɗan ƙasa kawai: idan ɗan ƙasa ya shigar wa ɗansa fom yana da shekara 20 da wata 11, to ko da sai ya kai 24 aka kira shi ganawa, yaro ne a idon doka muddin bai yi aure ba. Ga mai girin kad kuwa lissafi ake yi. Ana ɗaukar shekarun yaron a ranar da biza ta samu gare shi, a cire tsawon kwanakin da fom ɗin ya yi a hannun USCIS daga ranar karɓa zuwa ranar amincewa. A misali, a ce fom ya yi shekara biyu kafin a amince da shi, biza kuma ta samu lokacin da yaron yake da shekara 22 da wata 4. Cire biyu, saura 20 da wata 4, bai fita ba. Amma a ce an amince da fom ɗin cikin wata shida, sauran lokacin duk a layin biza ya ƙare. Wata shidan kaɗai za a cire masa, lissafinsa ya zama 21 da wata 10, ya fita. Zaman layi bayan amincewa ba a cire shi. Shi ya sa idan ɗa yana dab da 21 nake hana iyaye matsa wa USCIS lamba ta hanzarta, domin a wannan hali jinkirin hukumar kariya ce gare shi.

Ranar samuwar biza ana gane ta ne daga jadawalin da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka take fitarwa kowane wata, Visa Bulletin, a teburin da ake kira Final Action Dates. Rukunin F2A ya yi 'yan shekaru ba shi da layi, daga 2023 layin ya dawo, yana gaba yana baya. Sannan akwai sharaɗin da ake yawan mantawa: daga ranar da biza ta samu, yaron yana da shekara ɗaya ya nuna yana nemanta, kamar ya cike fom ɗin neman biza na DS-260 ko a biya kuɗin biza a NVC. In shekarar ta wuce ana cewa bari a tara kuɗi, kariyar ta tafi.

Yanzu haɗa wannan da rantsuwarka. Idan ɗanka yana da fom da sunansa, kuma ka yi rantsuwa kafin ranar da zai cika 21, shekarunsa sun tsaya a ranar rantsuwar, ya zama makusancin ɗan ƙasa, babu layi. Wannan ita ce hanya mafi kyau, kuma doka ta ba ka damar shigar da takardar neman zama ɗan ƙasa kwana 90 kafin cikar shekara biyar ɗinka, kada ka bar kwanakin nan su tafi a banza. Amma idan ya riga ya cika 21 a kalanda, lissafin CSPA ne kawai yake riƙe da shi a F2A, to rantsuwarka tana iya jefa shi rukunin F1 na manyan 'ya'yan 'yan ƙasa marasa aure, inda jiran ya kai shekara takwas zuwa tara. Hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice haka ta fassara dokar, wasu kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya kuma, har da wadda New York take ƙarƙashinta a 2021, sun yanke akasin haka. Ka rubuta ranar haihuwarsa da ranar da ka cancanci neman zama ɗan ƙasa a takarda ɗaya ka kai wa lauya kafin ka je rantsuwa. Ko da ya fita, bai ɓace ba: in har lokacin kana da girin kad, zai koma F2B, rukunin manyan 'ya'ya marasa aure na masu girin kad, da ranar shiga layinsa ta asali. Sai dai shekarun jiran suna da yawa, kuma dole ya zauna ba aure, domin mai girin kad ba shi da rukunin da zai ɗauko ɗa mai aure. In ya yi aure kana da girin kad, fom ɗin ya mutu nan take, kuma rantsuwar da za ka yi daga baya ba za ta tashe shi ba.

Wannan ya kawo mu kan budurwar. Na fahimci dangi, kowa yana so yarinya ta shiga ƙasar waje da igiyar aure, hankalin iyaye ya fi kwanciya. Amma ku sani ranar da aka shafa fatiha ta daina zama yarinya a wajen wannan doka, ko da shekararta 18. Idan kana da girin kad, takardarta ta lalace. Idan ka riga ka zama ɗan ƙasa, ta koma F3 na 'ya'ya masu aure, inda ake jira sama da shekara goma. Kada kowa ya ce ai ba ta tare ba, ko ai ba a je rajista ba. Jami'in da zai yi mata tambayoyi a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, inda ake ganawar bizar zama ta 'yan Nijeriya, zai sa ta rantse sannan ya tambaye ta ko tana da aure, kuma hotunan biki suna yawo a Facebook da WhatsApp. Baiko da sa rana ba aure ba ne, ba su taɓa takardarta. Ɗaurin aure kuwa sai bayan ta sauka a filin jirgi an buga mata hatimin shiga, domin samun biza a fasfo bai isa ba, dole ta kasance ba aure har ranar shiga. Bayan nan tana iya komawa a ɗaura, ta cike wa mijinta da kanta a F2A. Ku zauna da ita da manemin nata ku faɗa musu gaskiyar tsawon jiran, ita ma tana da ta cewa. Wata za ta zaɓi aurenta ta bar tafiyar, kuma wannan ba laifi ba ne. Abin da ba na so shi ne a ɗaura a ɓoye, ko a yi sakin takarda ana zaune tare, domin sakin da aka yi don biza kawai ba a karɓarsa.

Agolarka maganarta mai sauƙi ce. An ɗaura aurenka da mahaifiyarta tun tana ƙasa da 18, don haka kana iya cike mata kai tsaye, ba sai kotu ta ba ka ita ba. Za a nemi takardar haihuwarta, takardar aurenku, da shaidar cewa auren mahaifiyarta na farko ya ƙare, ko takardar saki ko ta rasuwa, haka kai ma takardar rabuwarka da uwar manyan. Idan mahaifinta yana raye, ku nemi yardarsa a rubuce tun da wuri. Ga masu karatu da abin ya shafa: wanda ya auri mace bayan ɗanta ya wuce 18, ba zai iya cike wa yaron ba ko ya zama ɗan ƙasa, amma yaron yana iya hawa takardar uwarsa a F2A in bai kai 21 ba. Irin wannan mutum ya yi tunani sosai kafin ya yi gaggawar rantsuwa.

Sai maraya, kuma a nan ne zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Babu rukunin ɗan ƙane ko ɗan wa a dokar Amurka, kuma riƙo irin namu, komai daɗewarsa, ba ya mayar da yaro ɗa a wajenta. Takardar mai unguwa, ko rantsuwar da aka buga a kotu cewa kai kake ciyar da shi, ko hukuncin kafala da ya ba ka kulawa kawai, duk ba su cika sharaɗin ba. Abin da sashen yake nema shi ne hukuncin kotu da ya mayar da yaron ɗanka cikakke kafin ya cika 16, da shekara biyu yana ƙarƙashin kulawarka ta hukuma, da shekara biyu kuna zaune gida ɗaya kai ne mai iko da shi. Zaman da kuka yi tare kafin ka taho yana iya shiga lissafi in kana da shaidarsa, amma shekara biyun kulawa ba ta fara ƙirguwa sai ranar da kotu ko hukuma ta ba ka shi. Yana da 13, wato lokaci bai ƙure ba, amma ba shi da yawa. Akwai kuma hanyar marayu ta fom ɗin I-600, wadda ɗan ƙasa ne kaɗai yake iya bi, kuma ma'anar maraya a can ta fi tamu ƙunci: idan mahaifiyarsa tana raye, sai an nuna ba ta iya ɗaukar nauyinsa kuma ta sallama shi a rubuce ba dawowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a nema daga uwa.

Ga kuma ɓangaren addini, wanda na san shi ma yana ranka. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce a kira 'ya'ya da sunan iyayensu, kuma saboda haka Musulmi da yawa ba sa yarda da mayar da ɗan wani nasu a kotu. Ka tambayi malamin da ka amince da shi, ka kuma tambayi lauyan Kaduna abin da dokar jihar ta tanada, domin a Nijeriya wannan al'amari kowace jiha da nata tsarin.

Abin da nake roƙonka da Allah kada ka yi shi ne a je a yanko wa yaron takardar haihuwa da sunanka. Za a samu mai ba ka wannan shawara, zai ce ai jininku ɗaya, sunan kakanku ɗaya. Idan jami'i ya yi shakka yakan ba da shawarar gwajin DNA, wanda ake yi ta ɗakin gwajin da ƙungiyar AABB ta amince da shi a Amurka, a aika kayan gwajin kai tsaye zuwa ofishin jakadanci, a shafi cikin kumatun yaro a gaban jami'ansu. Gwajin yana bambanta uba da baffa. In ya fito ba kai ba ne, ba maraya kaɗai zai rasa ba. Ƙarya da gangan don samun biza tana jawo haramcin shiga na har abada, matarka da ta rantse cewa ɗanku ne tana iya faɗawa ciki, sauran yara biyar duk a koma ana zargin takardunsu, kai ma a tono maganar a takardarka ta zama ɗan ƙasa. Gara ya zauna wajen dangi ka ci gaba da ɗaukar nauyin karatunsa da kyau, a bi hanyar kotu in ta yiwu.

Kan takardu, abin da ya fi kayar da mutanenmu ba ƙarya ba ce, rashin daidaito ne. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana cewa 2005, fasfo yana cewa 2006, takardar jarrabawar sakandare kuma an rage shekara biyu tun lokacin shiga makaranta. Ga yaron da yake bakin 21, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da fayil. Haka sunaye: Muhammad a nan, Mohammed a can, wani wurin kuma sunan gari aka sa a madadin sunan uba. Ka sa a baza takardun kowane yaro a tabarma a duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a aika komai. Idan an yi rajistar haihuwa shekaru bayan haihuwar, wanda haka ne ga yawancin yaranmu, ka haɗa da tsofaffin shaidu: katin awo da na rigakafi, rajistar firamare, hotunan suna, rasit ɗin kuɗin da kake aikawa. Kuma duk fom ɗin da ya tambayi 'ya'yanka, ka rubuta su duka, har wanda ba zai taho ba. Ɗan da ba a ambata ba yau, wahalar tabbatar da shi gobe ba kaɗan ba ce. Wannan ya shafi masu mata fiye da ɗaya: Amurka mace ɗaya take amincewa da ita, kuma doka ta hana shiga ga wanda zai zo ya ci gaba da auren mace fiye da ɗaya, amma 'ya'yan da uba ya haifa da kowace mace yana iya cike musu da sunansa idan ya tabbatar da alaƙar.

Ka kuma lissafa aljihunka. Fom ɗin ɗaukar nauyi, I-864, yana so kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya gwargwadon yawan mutanen gidanka, kuma kai za ku zama bakwai. Idan takardun harajinka ba su kai ba, ka fara neman wanda zai tsaya tare da kai tun yanzu, mai girin kad ko ɗan ƙasa. Labari mai daɗi shi ne ƙananan biyun, idan suka shigo da girin kad suna ƙasa da 18 suna zaune a hannunka kana ɗan ƙasa, su ma sun zama 'yan ƙasa kai tsaye bisa dokar da ta fara aiki ranar 27 ga Fabrairu 2001. Agola ba ta samun wannan ta wajenka, sai ta wajen mahaifiyarta ko ta nema da kanta in ta girma.

Akwai kuma takunkumin biza. A farkon 2020 an dakatar da bai wa 'yan Nijeriya bizar zama, aka ɗage a Janairu 2021. A Yuni 2025 wani umarnin shugaban ƙasa ya shafi Chadi da Sudan, a Disamba 2025 kuma aka ƙara da Nijar da Nijeriya. Irin wannan umarni yana hana bayar da biza ne, bai canza ma'anar yaro a doka ba, kuma ba ya tsayar da shekarun kowa. Ka duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci kafin kowane mataki, ka kuma kai fayil ɗin ga lauyan shige da fice ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tantance. A New York akwai ƙungiyoyi masu yin wannan aiki kyauta ko da kuɗi kaɗan. Mai cike fom a shagon unguwa ba shi da izinin ba ka shawarar doka, kuma ba shi zai yi maka lissafin CSPA ba. Amma kada jiran ɗage takunkumi ya hana ka shigar da fom ɗin babban yaron, domin ranar da USCIS ta karɓe shi ita ce ranar shiga layinsa, kuma daga ita ake fara ƙirga kwanakin da za a cire masa.